Aboki Shi Ne Wanda Zai Tsaya Maka Shaida

Duk wanda ya taɓa bin titin Khartum zuwa Madani a watan azumi ya san abin da ke faruwa idan rana ta kusa faɗuwa. Mazan ƙauyukan Jazira kan fito su tare hanya, wani ya kwance rawaninsa yana kaɗawa, wani ya tsaya ƙiƙam a gaban motar safa, dole direba ya taka birki ko yana so ko ba ya so. A sauke fasinja kaf, a zaunar da su kan tabarmi, a kawo asida da balila da ruwan hilu-mur. Ba mai tambayar sunanka, balle ƙabilarka. A karɓar baƙo dai, sai a bi bayan mutanen Jazira.

To amma bayan da yawa daga cikin waɗannan ƙauyuka, idan ka tsallaka tur'a, wato magudanar ruwan noma, akwai wani ƙauyen da taswira ba ta san da shi ba. Kambo ake ce masa, idan da yawa kanabi. Ɗakunan laka da ciyawa ne a gefen gona, ba takardar fili, galibi ba famfo ba asibiti, ruwan da jaki ke sha shi yara ke ɗiba, tsargiya da zazzaɓin cizon sauro kuwa sun zama 'yan gida. A irinsa aka haife ni. Abin da ya daɗe yana cin raina shi ne, yaya mutanen da ke tare hanya don su ciyar da wanda ba su taɓa gani ba suka kasa yarda a yanka wa wanda suka daɗe suna ce wa aboki filin kafa ɗaki? Ni dai a ganina, mu da su duka mun karya farashin abota. Mun mayar da ita gaisuwa da shan shayi, mun cire mata nauyinta, wato tsaya wa mutum shaida a wurin da bakinsa ba ya isa.

Don mai karatu na Kano ko Maraɗi, bari in ɗan koma baya. Hausawa sun daɗe suna ratsa Sudan zuwa Makka, amma babban kwararowa ya biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, bayan 'yan shekaru suka sauka bakin Nilul Azraƙ kusa da Shaikh Talha, suka kafa garin da har yau ke amsa sunansa, kudu da Sinnar. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gandun Jazira don noman audugar da masaƙun Ingila ke bukata. Da aka haɗa shi da na Managil daga baya, faɗinsa ya kai faddan miliyan 2. An yanka shi gona-gona, kowace ana ce mata hawasha, aka raba wa 'yan ƙasa. Hannun da zai yi shuka da noma da tsinkar auduga kuwa, sai aka same shi wurin maniyyatan da guzurinsu ya ƙare, da mutanen Darfur da Chadi.

A shekarun 1930, da kasuwar auduga ta faɗi, masu hawasha da dama suka watsar da gonakinsu, aka ba wasu daga cikin mutanenmu. Da kasuwa ta farfaɗo sai ƙofa ta fara rufuwa, aka ce sai ɗan ƙasa. Dokar 1957 kuma ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Ka ga ke nan wanda ya biyo Mai Wurno ya makara tun kafin ya iso. An sassauta dokar daga baya, da yawanmu mun sami takarda, amma tambayar "asalinku ina ne?" ba ta bar bakin ma'aikata ba. Har a 2008 sai da Hausawa suka fito zanga-zanga a Gadarif da wasu garuruwa, bayan wata jarida ta ruwaito cewa Shugaba Umar al-Bashir ya ce su ba 'yan ƙasa ba ne, zancen da shi ya musanta.

Mutanen da suka yi wannan doguwar tafiya ba sa wasa da kalmar aboki. Kakata, wadda muke kira Iya, tana yarinya aka baro ƙasar Katsina da ita, aka bi ta Barno da Wadai da Darfur, ana tafiya ana tsayawa, a yi damina a nan ana noma, a yi rani a can ana dako ko saƙa, sai da ta zama budurwa kafin su ga Nilu. Idan ta ji na ce wane abokina ne, sai ta ce, "Ɗan nan, abokin me? Abokin hira daban, abokin tafiya daban." A wurinta abokin tafiya shi ne wanda in ka faɗi a daji zai yi maka wanka, ya sallace ka, ya rufe ka, ya riƙe guzurinka ba tare da ya taɓa ko anini ba, ya kai matarka da 'ya'yanka zango na gaba, sannan ya tsaya gaban madugu da malamai ya faɗi abin da ka bari da bashin da ake bin ka. Akwai wani dattijo a gidanmu da na tashi ina ce wa Baffa. Sai da na yi gemu na ji cewa ba mu haɗa jini ba. Ubansa abokin tafiyar kakana ne, ya rasu a hanya, kakana ya ɗauki yaron ya haɗa da nasa, ya yi masa aure, kuma duk inda aka nemi sanin asalinsa shi ke zuwa ya ce, "Na san ubansa, a hannuna ya cika."

Dalilin tambayar Iya ke nan. Bahaushe yana liƙa aboki a jikin kusan komai. Akwai abokin ciniki da abokin aiki da abokin wasa, kishiya ma abokiyar zama ce, har wanda ke neman ranka abokin gaba ne. Abin da kalmar ke faɗi kawai shi ne wani abu ya haɗa ku, in abin ya ƙare kowa ya kama gabansa, ba wanda ya ci amanar wani. Amini kuwa, ko aminiya a wurin mata, wanda aka damƙa wa amana ne, kuma ana tuhumarsa in ya saki. Rikicinmu a Sudan ya samo asali ne daga inda muka riƙa ɗaukar na farko a matsayin na biyu, har ranar da bukata ta taso.

Mahaifina ya yi kusan duk ƙarfinsa yana noma hawashar mutum ɗaya. Sharaka ake kiran tsarin: mai gona ya ba da ƙasa da ruwa da kuɗin tarakta, Baba ya ba da guminsa da namu, in an cire gyaɗa ko an yanke dawa a raba biyu. Ammi muke ce wa mai gonar, kamar yadda 'ya'yansa ke ce wa Baba. Ba zan ci zarafin mutumin nan ba, Allah ya jiƙansa. Shekarar da ruwa ya yanke a magudanar abu ishirin amfani ya lalace, bai nemi rabonsa cikakke ba. Da ƙanwata ta kwanta, a bayan motarsa aka kai ta Madani. Ranar da Iya ta rasu ya zo ya zauna kwana uku a rumfar makoki, yana zuba wa mutane shayi da hannunsa. Duk inda ya gabatar da Baba sai ya ce, wannan sahibina ne, mun ci gishiri da miya tare. A Sudan babu maganar da ta fi wannan nauyi tsakanin mutum biyu.

Sai ga shi wata shekara mutanen kambonmu sun haɗa kuɗi, sun rubuta takarda suna roƙon a yanka musu filayen zama a wani fako da ba a nomawa, a kuma jawo musu bututu daga tankin ƙauye. Aka kira taron kwamiti. Wani ya miƙe ya ce in aka ba su fili yau, gobe hawasha za su nema, jibi kuma 'ya'yanmu mata. Aka yi dariya, aka watse. Ammi yana wurin, kuma mutum ne da in ya yi magana ake saurare. Bai ce uffan ba. Washegari ya zo gona da jabanar kofi kamar kullum, suka zauna gindin bishiya suka sha.

Na tambayi Baba daga baya, na ce, "Baba, wannan wace irin abota ce?" Ya ce, "Kai yaro ne. Mutumin kirki ne, bakinsa ne ke da nauyi. Shi ma yana da dangi, cikinsu zai kwana." Har Baba ya koma ga Allah bai canja wannan magana ba, ni kuma har yau ban karɓe ta ba, duk da na fahimce ta. Ƙaunar da ke tsakaninsu gaskiya ce. Sai dai ƙauna ce da ke aiki a gona da asibiti da wurin makoki, wuraren da ba za ta jawo wa Ammi ko hararar wani ba. Wuri ɗaya da za ta ci masa wani abu, nan ta tsaya. Da a ce ya miƙe ya ce, "Na san mutanen nan, na san iyayensu, a nan aka binne kakanninsu," wataƙila da ba a ba da filin ba duk da haka. Amma da yaran da ke leƙen taron ta taga sun ji, kuma su ne manyan ƙauyen a yau.

Akwai ma inda kalmar ke zama hanyar ƙin sanin mutum. Bahaushen Legas ya san yadda ake jefa masa "aboki" in ana son a kira mai gadi ko mai wankin takalmi ko ɗan acaɓa. Wanda ya zauna Saudiyya ya ji yadda ake kiran leburan da ya zo daga Indiya ko Bangaladash da "sadik". Mu a nan "ya haj" ne, ko ka taɓa ganin Jidda ko ba ka taɓa ba, matanmu masu sayar da gyaɗa da godo-godo kuma "hajja". Duk kalmomi ne masu daɗi, kuma duk aikinsu ɗaya: su hutar da mai kira daga wahalar tambayar sunanka. Wanda ya yi shekara goma yana cin agashenka bai san sunanka ba, yaya zai tsaya maka shaida? Me zai ce ya sani?

A watan Yuli na 2022 aka ga amsar a jihar Nilul Azraƙ. Hausawan can sun nemi a ba su sarauta tasu a cikin tsarin sarakunan gargajiya. Ƙabilun da ke ganin ƙasar gadonsu ce tun daular Funj suka ce sarauta da ƙasa tafiyarsu ɗaya, wanda ba shi da ta biyu ba ya samun ta farko. Kafin a ankara an fara kashe-kashe a Rusairis da Damazin da ƙauyukan kewaye, fiye da mutum 100 suka mutu cikin 'yan kwanaki, fushi ya bazu har Kasala da Khartum. A watan Oktoba aka sake a Wad al-Mahi, aka rasa fiye da 200, dubun-dubatar mutane suka bar gidajensu. An kashe namu, namu ma sun kashe, kada mu ɓoye wannan. Waɗanda suka yi wa juna haka kuwa abokan kasuwa ne, abokan kamun kifi a tafkin madatsar Rusairis, abokan sahu a masallaci.

Ɗiyar Baffa tana aure a can. Maƙwabcinsu na dama, wanda suka daɗe suna musayar kwanon abinci, ya kulle ƙofarsa ya kashe fitila. Na hagu, ɗan ƙabilar da ake faɗan da ita, wanda gaisuwa ce kawai ke haɗa su, shi ya kwashe ta da yaranta ya sa a ɗakin matarsa, ya tsaya bakin ƙofa ya yi rantsuwar saki irin ta mutanen Sudan cewa sai an bi ta kansa. Matasan da suka zo sun san shi, sun san ubansa, suka juya. Makaminsa ke nan: an san shi, kuma ya yarda ya kashe wannan sanin a kan wasu.

Shugabanninmu ma suna da nasu kason. Mun daɗe muna neman abota a sama, wurin mai mulki, muna barin ta ƙasa. A zamanin Bashir an zargi wasunmu da zama 'yan koren gwamnati. Bayan yarjejeniyar Juba ta 2020 aka zarge su da raɓar ɓangaren tsohon madugun 'yan tawaye Malik Agar. Ko zargin gaskiya ne ko ƙari aka yi, darasin ɗaya ne. An ce ba a abota da biri sandarka ta maƙale a sama, to ranar da tamu ta maƙale, manyan da aka yi ta ɗaukar hoto da su suna Khartum. Maƙwabci ne ke kusa, shi kuwa ba mu zuba jari a wurinsa ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 bai bar kowa ba. Dakarun RSF, waɗanda muke kira Da'ama, sun kama Madani a Disamba 2023, kuma abin da suka yi wa ƙauyukan masu hawasha ba ya faɗuwa: Wad al-Nura a Yuni 2024, sai Tambul da Sariha da Hilaliya a ƙarshen shekarar. Da soja suka dawo a Janairu 2025, sai aka juya kan kanabi da zargin sun haɗa kai da Da'ama. A Kambo Tayba, gabashin Jazira, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce mayaƙan da ke mara wa soja baya sun kashe aƙalla mutum 26 ranar 10 ga Janairu. Yawancin mutanen wannan kambo 'yan asalin yammacin Sudan ne. Na ji da kunnena wasu Hausawa suna cewa, ai ba namu ba ne. Mutanen da muka sha ruwan tur'a ɗaya, muka tsinci auduga layi ɗaya, aka hana mu fili a taro iri ɗaya. Wanda ya faɗi haka ya yi abin da Ammi ya yi, kuma ba shi da ko uzurin jabanar kofi.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce abota abin zuciya ce, kada a ɗora mata kayan siyasa da rabon ƙasa. Za a ce mai hawashar ma talaka ne, gandun ya durƙushe tun kafin yaƙi, musamman bayan dokar gandun ta 2005, magudanai sun cike da laka da ciyawa, 'ya'yansa sun tafi Saudiyya neman abinci, yanzu kuma an wawashe gidansa. Duk gaskiya ne. Shi ya sa ban ce ya raba gonarsa da ni ba, ban ce ya ba ni 'yarsa ba. Magana kawai na nema, ita kuwa ko wanda aka yi wa ƙarƙaf yana da ita. A wannan yaƙin an ga masu dafa abinci a takaya, wato wuraren girkin sadaka, suna ciyar da duk wanda ya miƙo kwano, an ga 'yan kambo da suka ɓoye iyalan masu gona, an ga masu gona da suka hana a taɓa kambonsu. Ashe ana iyawa. Abin da ya rage shi ne a iya a lokacin zaman lafiya, a ɗakin taro, inda ba harsashi sai gorin dangi.

Mu ma sai mun biya irin kuɗin da muke nema. Kakanninmu sun zauna da niyyar gobe za su wuce Makka, suka ƙi dasa bishiya, suka ƙi sa yara a makarantar gwamnati, suka aurar da 'ya'yansu a tsakaninsu, suka kira duk wanda ke tsallaken tur'a Balarabe kawai, ko da Ja'ali ne ko Kawahla ko Shukuri. Muna da gayya, suna da nafir. Matanmu suna da adashi, nasu suna da sanduk. Aiki ɗaya ne, amma da wuya ka ga an gayyaci juna. Wanda ke son a san sunansa, shi ma ya koyi na mutane. Wanda ke son a tsaya masa, ya fara tsaya wa mutanen yammacin Sudan, Batame da Bamasalace, da ke kambon gaba, ya kuma buɗe baki ranar da yaran unguwarsa suka tashi za su ƙona rumfar wanda bai yi musu komai ba.

Ku ma 'yan uwa na Najeriya da Nijar, da kuka yi ta kuka da mu a Facebook a 2022, Allah ya saka da alheri. Amma ku duba ƙofar gidajenku. Mai gadin da ya tsufa a bakin get ɗinku kuna ce masa Buzu, wa ya san sunan garinsu? Mai shagon Sabon Gari da ubanku ya yi ciniki da ubansa, wa ya taɓa miƙewa a majalisa ya ce "na san shi" ranar da gari ya ɗau zafi?

Yaƙin nan zai ƙare, da yardar Allah. Kwamitoci za su zauna, za a sake rabon filaye, za a rubuta sunayen waɗanda suka cancanci diyya da famfo da makaranta, kuma ƙungiyar Mu'utamar al-Kanabi za ta sake kawo bukatar da ta daɗe tana kawowa, ta a mayar da kanabi ƙauyuka masu takarda. A ranar, kowane mai hawasha yana da mutum ɗaya aƙalla a tsallaken tur'a da yake ce wa sahibi. Ina roƙonsa ya miƙe ya faɗi sunan mutumin da na ubansa, da shekarun da suka yi tare, a gaban danginsa, da murya mai ƙarfi. Wanda ya ga ba zai iya ba, ba za mu yi faɗa ba. Ya ci gaba da ce mini abokin noma, na amsa, don gaskiya ne. Amini kuwa ya bar wa masu iya ɗaukar kayansa.